Comrades ba zai gudu ba, fara zuwa asibiti a duba ƙodarka

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 43, ina da shagon yadi a Kano, mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shekara uku da suka wuce likita ya ce ina da hawan jini, ya ɗora ni kan magani, ya ce in rage teɓa. Daga tattaki na koma sassarfa, daga nan gudu ya shiga raina. A watan Fabrairu na yi gudun Legas mai kilomita 42 cikin awa 4 da minti 38, wanda ya ba ni damar shiga Comrades, tseren nan na Afirka ta Kudu mai kusan kilomita 90 da za a yi a watan Yuni. Na biya kuɗin rajista, na tara na jirgi.

Ranar Lahadin da ta wuce na ce bari in gwada kilomita 50. Ban samu fita ba sai bayan bakwai na safe. Gwiwata ta dama ta jima tana damuna, sai na sha ibuprofen biyu kafin in fita, na ƙara biyu a hanya. Da ƙyar na gama wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Da na dawo gida na yi amai, cinyoyina suka kumbura, fitsarina ya yi duhu kamar baƙin shayi, kuma kaɗan yake fita. Kwana biyu ina haka, yanzu ya fara washewa. Ban faɗa wa maiɗakina ba, na ce mata zazzaɓi ne. Dama ranta a ɓace yake da gudun nan: ta ce kullum ina hanya tun kafin asuba, da an yi isha'i kuma barci ya kwashe ni, ga kuɗin da zan kashe. Hajiyata ma kullum tambayarta ɗaya, wa ya biyo ni? Saura mako bakwai. Don Allah ka tsara min yadda zan ƙarasa horon, ka kuma ba ni dabarar da zan shawo kan maiɗakina.

Daga wani ɗan'uwa a Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Ba zan tsara maka horon mako bakwai ba. Roƙona gare ka shi ne, da ka gama karanta wannan amsa, ka bar wa yaranka shago ka tafi asibiti yau. Ba kemis ba, ba wurin abokinka ma'aikacin jinya da ke maƙwabtaka ba. Asibitin da yake da ɗakin gwajin jini, inda likita zai zauna ya saurare ka.

Abin da ka kwatanta min, cinya ta kumbura, amai, fitsari ya yi duhu kuma ya ragu bayan doguwar wahala a cikin rana, ya yi kama ƙwarai da abin da likitoci suke kira rabdomayolisis. Tsoka ce take farfashewa saboda an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sai wani sinadari da ke cikinta mai suna mayoglobin ya kwarara cikin jini. Jinin nan kuwa dole ya bi ta ƙoda. Ka san yadda rariya take toshewa idan aka zuba mata kullu mai kauri ba a ƙara ruwa ba? To haka 'yan ƙananan hanyoyin da ke cikin ƙoda suke yi idan wannan sinadari ya yi yawa kuma jiki ya bushe. Duhun da ka gani a fitsari shi ne shaidarsa. Raguwar fitsarin ita ce ta fi tayar min da hankali, domin alama ce ta cewa ƙodar ta ji jiki. Washewar da ka ce ya fara yi kuma kada ta kwantar maka da hankali. Launin fitsari yana iya dawowa daidai alhali ƙoda ba ta koma aikinta ba, kuma ido ba ya iya ganin wannan, sai gwaji.

Abubuwa uku suka haɗu a kanka a ranar, kowanne shi kaɗai ya isa ya wahalar da ƙoda. Zafin Kano na watan Afrilu, da ma'auni yake kaiwa 40 da tsakar rana, kai kuma kana kan kwalta har ƙarfe ɗaya da rabi. Sai ibuprofen. Shi da danginsa irin su diclofenac suna rage jinin da yake zuwa ƙoda, a daidai lokacin da gudu ya riga ya janye jini zuwa ƙafafu da fata. Na uku shi ne wanda ba ka kawo shi a ranka ba: maganin hawan jininka. Idan irin su lisinopril ne ko losartan, ko kuma masu sa yawan fitsari, haɗuwarsu da ibuprofen a jikin da ya bushe sananniyar hanya ce ta lalata ƙoda. Kada ka daina shan maganinka da kanka saboda na faɗi haka. Ka ɗauki kwalinsa ka nuna wa likita, ka gaya masa adadin ibuprofen da ka sha da lokacin da ka sha, da nisan da ka yi, da awa nawa ka yi a rana. Kada ka rage komai don kunya.

Ka nemi a auna kiriyatinin, wanda yake nuna yadda ƙoda take aiki, da gishirin jini, musamman fotasiyam, domin idan ya hau yana iya rikita bugun zuciya. A auna CK, wanda yake nuna yawan tsokar da ta farfashe. A duba fitsari. A yi maka gwajin zazzaɓin cizon sauro, tunda shi ma yana iya duhunta fitsari, kuma gudu da shi a jiki haɗari ne. Sannan akwai tambayar da nake yi wa duk ɗan ƙasar nan da ya ce zai shiga dogon gudu: ka san rukunin jininka na sikila? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya gudu, yana iya zama zakara. Amma wani babban bincike da aka yi kan sojojin Amurka, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa masu AS sun fi sauran fuskantar irin wannan farfashewar tsoka idan wahala ta tsananta. Idan kai AS ne, ba a ce ka bar gudu ba, amma zafi da ƙishirwa da tilasta wa kai sun fi zama abokan gabarka fiye da na kusa da kai. Tunda ka haura arba'in kuma kana da hawan jini, a haɗa da gwajin zuciya na ECG. Kafin likita ya sallame ka, ba gudu, ba ibuprofen, ba jiƙo ko wani haɗin da aka ce yana wanke ƙoda.

Yanzu maganar watan Yuni. Ra'ayina, kuma ban ɓoye shi: bana ba taka ba ce. Ko da gwaji ya fito da kyau, jikin da ya shiga wannan hali yana buƙatar makonni na hutu da komawa a hankali, kuma makonnin nan su ne daidai waɗanda ya kamata a ce kana kan ganiyar horo. Ga gwiwar da sai da ƙwaya take yarda ta ɗauke ka. Ƙafar da ba ta iya kilomita 50 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano ba tare da magani ba, me za ta yi da tsaunukan KwaZulu-Natal, lardin da ake yin tseren?

Bari in ɗan faɗa maka abin da ke jiranka a can, don ka san ba raina ka na yi ba. Ana yin tseren ne tsakanin Durban da ke bakin teku da Pietermaritzburg da ke kan tudu, a al'ada shekara ɗaya a hau, shekara ɗaya a gangaro. Nisan yana ɗan canjawa, tsakanin kilomita 86 da 90. A hanya akwai manyan tsaunuka biyar da kowane mai gudu a can ya haddace sunayensu: Cowies, Fields, Botha's, Inchanga da Polly Shortts, ban da ƙananan da ba a ƙirga su. A shekarar hawa, Polly Shortts yana tare ka ne bayan ka riga ka ci kusan kilomita 80. Shekarar gangara kuwa, da baƙo yake zaton ta fi sauƙi, ita ce mai cin cinya, domin a gangare tsokar gaban cinya ce take taka birki a kowane taku, kuma irin wannan aiki shi ya fi farfasa tsoka. Wato daidai abin da ya kwantar da kai. Awa 12 aka ba ka. A wurare da dama a hanya akwai shingen lokaci, wanda bai iso a kan kari ba a ɗauke shi a mota. A ƙarshe kuma, da awa 12 ta cika, jami'i yana juya wa masu tahowa baya ya harba bindiga, wanda ya rage masa taku ɗaya ma ba ya samun lambar yabo.

Na san abin da zuciyarka take raya maka: kuɗin rajista ya tafi, ka riga ka gaya wa 'yan kasuwa, kuma shekaru suna ja. Kuɗin rajista ba ya kama ƙafar abin da ake kashewa a wankin ƙoda na wata guda, ka tambayi duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo. 'Yan kasuwa za su yi magana kwana biyu su wuce. Maganar shekaru kuwa, tarihin tseren da kansa ya amsa maka. Tun 1921 ake yin sa, lokacin da wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ya kafa shi don tunawa da abokansa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma mutum 34 suka tashi a ranar farko, 16 suka ƙarasa. Wally Hayward ya fara lashe shi a 1930 yana saurayi, sannan ya dawo a 1989 yana da shekara 80 ya ƙarasa cikin ƙasa da awa 11. A 2023 wani dattijo, Johannes Mosehla, ya gama yana da shekara 81 cikin awa 9 da minti 26. Kai da kake 43, a wannan fage yanzu ka fara tasawa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Sai maganar maiɗakinka, wadda a wurina ta fi duk abin da na faɗa nauyi in ban da asibiti. Ka nemi dabarar shawo kanta. Ba ni da ita, kuma ko ina da ita ba zan ba ka ba, domin a wannan gaɓa ita ce mai gaskiya. Ta ji tsoron gudun nan zai cutar da kai, ga shi ya cutar da kai, kai kuma ka ce mata zazzaɓi ne. Ka yi tunanin daren Lahadin nan. Da jikinka ya rikice cikin dare ka kasa magana, ita za ta kai ka asibiti, ita likita zai tambaya. Za ta ce zazzaɓi ne, tunda abin da ka gaya mata ke nan. Ba za ta ambaci kilomita 50 ba, ba za ta ambaci ƙwaya huɗu ba, ba za ta ambaci launin fitsari ba. Ka hana mutumin da ya fi kowa kusa da kai abin da zai cece ka da shi. Ka gaya mata yau, kafin ku tafi, kuma ku tafi tare, ta ji bayanin likita da kunnenta. Za ta yi fushi, tana da haƙƙin yi. Ka saurara kada ka kare kanka.

Sauran koke-kokenta ma ba na son zuciya ba ne. Mai shirin irin wannan tsere yana kashe awa takwas zuwa goma a mako yana gudu, ban da gajiyar da take biyo baya. Awannin nan daga wani wuri ake ɗebo su, kuma a gida mai 'ya'ya huɗu kowa ya san daga wurin wa. Mu masu gudu muna da wani hali da ya kamata mu lura da shi: saboda abin da muke yi yana da wahala kuma yana ƙara lafiya, sai mu ɗauka ya zama wajibi kowa ya ba mu hanya. Ba haka ba ne. Likita ya ce ka motsa jiki ka rage teɓa, kuma ka yi, Allah ya saka maka. Minti talatin zuwa arba'in a rana sun biya wannan buƙata. Abin da ya haura haka sha'awa ce, halastacciya kuma kyakkyawa, ni ma ina cikinta dumu-dumu, amma sha'awa ba ta shiga gaban haƙƙin iyali. Ku zauna da takarda da biro. Nawa ne jirgi, biza, masauki, takalma, rajista? Daga ina kuɗin za su fito, kuma ka yi mata alkawarin ba za su taɓa kuɗin makaranta da na cefane da jarin shago ba. Wace safiya ɗaya a mako ce ta dogon gudu, kuma a ranar me za ka ɗauke mata da yamma? Wane dare ne za ka zauna a yi hira ko da idonka yana rufewa? Idan ɗaurin aure ko suna ya faɗo a ranar dogon gudu, gudun ne zai matsa. Ita ma tana da abin da ta daɗe tana so ta yi, ka tambaye ta mene ne, ka sa shi a cikin lissafin. Matar da aka yi shawara da ita tun farko, sau da yawa ita ce za ka ga ta tashe ka da asuba ta cika maka gora.

In likita ya sallame ka, kuma gida ya amince, ga yadda nake ganin shekarar da ke gabanka.

Gwiwa tukuna. Ka ga likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi na asibiti a gano abin da ke damunta. Yawancin ciwon gwiwar masu gudu ba lalacewar gaɓa ba ne, raunin tsokar ƙugu da cinya ne da kuma ƙara nisa da gaggawa, kuma yana jin magani idan aka ƙarfafa wuraren. Sau biyu a mako ka yi tsugunne-tashi, da hawa da sauka a kan dakali da ƙafa ɗaya, da ɗaga dunduniya. Dokar da nake so ka riƙe har abada ita ce: ciwon da sai ka sha magani kafin ka iya gudu da shi, ba a gudu da shi.

Daga damina zuwa ƙarshen shekara ka gina tushe, kilomita 40 zuwa 50 a mako, kusan dukkansu a saurin da za ka iya hira da na gefenka ba tare da haki ba. Na tabbata yanzu gudunka ya fi haka sauri, domin kusan kowa haka yake. Ka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, duk mako na huɗu ka rage, jiki ya huta. Sanyin hunturu shi ne damarka ta dogayen gudu, sai dai ranar da ƙura ta yi yawa ka haƙura ko ka gajarta. Za ka sake buƙatar gudun kilomita 42 na cancanta a cikin lokacin da masu tseren suka ƙayyade, ka duba ƙa'idar shekarar tun da wuri. Daga Janairu zuwa Mayu ne ake ɗora nauyi. Masu horarwa na can sukan sa sabon shiga ya tara wajen kilomita dubu a waɗannan watanni, da gudu mafi tsawo na kilomita 50 zuwa 60 kamar mako biyar ko shida kafin ranar, sannan a yi ta ragewa a makonni ukun ƙarshe. Ka lura, sau ɗaya ake yin wannan mafi tsawon, bayan an hau matakalar 30 da 35 da 42, ba a wayi gari a ce bari in gwada ba.

Matsalarka ta musamman ita ce, ganiyar horon tana faɗowa ne a bazara. Su a can suna shiga sanyi, kai kana shiga wuta. Don haka duk gudun da zai wuce awa biyu, ya zama ka gama shi kafin tara na safe. In ka makara, ka fasa, ranar ta wuce. Abin da ya kamata ka yi ranar Lahadi ke nan. Hanya ɗaya ita ce raba dogon gudun biyu, awa uku ranar Asabar da asuba, awa biyu ranar Lahadi a kan gajiyayyun ƙafafu, wanda yake koya wa jiki kusan abu ɗaya ba tare da ka gasu ba. Kuma kada ka fita kai kaɗai cikin duhu. Ka sami abokan gudu, ka sa riga mai ƙyalli saboda motoci, ka zaɓi zagayen da zai riƙa dawo da kai wurin da ka ajiye ruwa, 'yan sintirin unguwa su san fuskarka, a gida kuma a san hanyar da ka bi da lokacin da za a sa ran ganinka. In azumi ya shigo cikin watannin horo, ka sassauta: ɗan gajeren gudu bayan buɗa-baki ko bayan asham, ba dogon gudu da ƙishirwa a baki ba.

Tsauni kuma birnin Kano ba shi da shi sai irin su Dala da Goron Dutse. Ka yi amfani da su, hawa da sauka, sau ɗaya a mako, ka koyi saukowa da gajerun taku. Amma in hali ya yi, a watan Maris ko Afrilu ka kai manyan gudunka guda biyu Jos. Tana kan tudun da ya kai mita 1,200, iskarta da sanyi, hanyoyinta hawa da gangara ne, kuma ba banza ba yawancin masu dogon gudu na ƙasar nan suke fitowa daga Filato. Kuɗin mota zuwa Jos ya fi duk wani sabon agogo ko takalmi mai tsada amfani a gare ka.

Akwai abin da mazan gudu ba sa son ji, kuma shi ne sirrin ƙarasa irin wannan tsere: tafiya. In ka raba awa 12 da kilomita 89, kowane kilomita yana da minti takwas da 'yan daƙiƙu. Kai da ka yi Legas a kan minti shida da rabi, kana da rara. Mutane ba sa faɗuwa a Comrades don rashin sauri, suna faɗuwa ne don sun kashe rararsu kafin su kai Drummond, inda yake tsakiyar hanya. Ka koyi gudun minti tara ka taka na minti ɗaya tun daga kilomitan farko, lokacin da jikinka yake ce maka ba ka buƙata. Ka taka a duk tsauni mai tsayi, da sauri, ba jan ƙafa ba. Bruce Fordyce, da ya lashe tseren sau tara tsakanin 1981 da 1990, an san shi da barin mutane su wuce shi a rabin farko, ya zo ya tsince su ɗaya bayan ɗaya a rabin biyu. In zakara ya yi haƙuri haka, kai da kake neman ƙarasawa kawai ka fi shi buƙatar haƙurin. A ranar akwai ƙungiyoyin da suke bin mutum ɗaya mai riƙe da tuta, wanda ya san hanya kuma ya ɗauki alkawarin kai su cikin awa 11 ko 12. Ka shiga ɗaya daga cikinsu.

Ci da sha ma horo ne, ciki yana koyo kamar yadda ƙafa take koyo. Abin da jiki ya adana na sukari ba ya wuce awa biyu na gudu, bayan nan sai abin da ka zuba. Ana so ka riƙa samun wajen giram 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa, kaɗan-kaɗan, tun kafin ka ji yunwa. Ayaba matsakaiciya tana da wajen giram 25. Dabino yana da kyau ƙwarai, ga sauƙin ɗauka, haka dafaffen dankali da gishiri, wanda a can ma za ka tarar ana miƙa shi a bakin hanya tare da ayaba da lemo da ruwan leda. Duk abin da za ka ci a ranar, ka riga ka gwada shi a horo.

Ruwa kuma yana da gefe biyu, kuma ina tsoron bayan wannan abin da ya same ka ka faɗa ɗaya gefen. Yawan shan ruwa zalla fiye da gumin da ake yi yana tsinka gishirin jini, kai ya yi ciwo, hannu ya kumbura, mutum ya rikice, har ya kai ga mutuwa. Farfesa Tim Noakes na Cape Town da abokan aikinsa su suka fara bayyana wannan a 1985, kuma cikin waɗanda suka rubuta labarinsu akwai masu gudun Comrades. Hanyar gane naka ma'aunin mai sauƙi ce: ka hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa, kowane kilo da ka rasa kusan lita ɗaya ce, ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Ka sha gwargwadon ƙishirwarka, ka haɗa da gishiri a abinci, kuma kada ka taɓa gama gudu ka fi yadda ka fara nauyi.

Ƙananan abubuwa: takalmi ya ɗara ƙafarka kaɗan domin tana kumbura, ka yanke farce, ka shafa basilin a matsematsi da hammata, ka manna filasta a kan nono. Wando mai rufe gwiwa ba ya hana kowa gudu. Tun da ana tashi da asuba ne a ƙarasa da yamma, azahar da la'asar za su same ka a hanya. Kai matafiyi ne a ranar, ka zauna da malaminka tun kafin tafiya ya yi maka bayanin kasaru da haɗa salla, ka kuma ware mintunan a cikin lissafin lokacinka.

Hajiya kuwa, kada ka yi mata dogon bayanin kilomita. Ka je ka gaishe ta ka zauna, ka gaya mata abin da ya same ka da abin da likita ya ce, ka gaya mata ka fasa tafiyar bana. Ka nuna mata takardar awon jininka na shekara uku da suka wuce da na yanzu, ta ga abin da gudun ya yi maka na alheri. Sannan ka nemi izininta da addu'arta kan ta baɗi, kuma in ta ce a dakata, ka dakata ka ci gaba da lallashi.

Idan sakamakon gwajin ya fito, ka turo min adadin kiriyatinin da CK, da rukunin jininka, da sunan maganin hawan jinin da kake sha, da ranar da likita ya ce za ka iya komawa. Daga nan sai mu tsara makonni shidan farko, kuma da tattaki za mu fara. Allah ya ba ka lafiya.